BABI NA UKU: ƊALIBI DA AIKIN KULA DA DANDAMALI A KARON FARKO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'aikatan da ke haɗa hannu kafin wasan kwaikwayo ya hau dandamali, tun daga marubuci da darakta har zuwa masu fitila da masu sutura. Wannan babi kuwa zai tsaya ne a kan mutum ɗaya daga cikinsu, wato mai kula da dandamali, wanda wasu ke kira manajan dandamali. Za a duba abubuwan da ɗalibi ke cin karo da su a karon farko da aka ɗora masa wannan nauyi, domin a lokacin ne ake ganin abin da aikin ya ƙunsa ƙarara, tun sabo bai rufe shi ba. Abin da babin ke son nunawa shi ne, ɗalibin da aka ba wannan aiki ba shi da girman shekaru ko na muƙami da zai sa a bi maganarsa, saboda haka duk ikon da zai samu yana fitowa ne daga abin da ya rubuta da kuma lokacin da ya kiyaye.

3.1 Mai Kula da Dandamali

Idan aka ce mai kula da dandamali, ana nufin mutumin da ke riƙe da tsarin wasa tun daga ranar gwajin farko har zuwa daren da aka kwashe kaya. Darakta shi ke yanke shawarar yadda wasa zai kasance. Mai kula da dandamali shi ke rubuta shawarar, ya isar da ita ga wanda ta shafa, sannan ya tabbatar an maimaita ta daidai a kowane dare. A al'adar gidajen wasa na Turai da Amurka, da zarar an buɗe wasa ga 'yan kallo darakta ya gama nasa, ragamar ta koma hannun mai kula da dandamali.

Wani abin lura shi ne, tushen wannan aiki ya girmi aikin darakta. A Ingila ta zamanin Shakespeare ba a ba kowane ɗan wasa cikakken rubutun wasa. Abin da ake ba shi maganganunsa ne kawai, tare da 'yan kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafinsa. Cikakken kwafin yana hannun wani ma'aikaci da ake kira mai riƙe littafi, shi ne mai tuna wa wanda ya manta, shi ne kuma mai lura da shiga da fita. Darakta a matsayin mutum na daban mai tsara wasa gaba ɗaya bai kafu sosai ba sai cikin ƙarni na 19, kuma akan danganta kafuwar tasa da ƙungiyar wasa ta Meiningen a Jamus, wadda ta zagaya biranen Turai daga 1874 zuwa 1890.

A ƙasar Hausa, rubutaccen wasan kwaikwayo ya shigo ne ta hanyar makarantun boko da hukumar talifi, kuma tun 1936 aka buga littafin wasanni shida na R. M. East. Amma koyar da aikin dandamali a matsayin fannin ilmi a jami'a ya zo ne daga baya. An fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975 ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton, kuma a tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne aka gina gidan wasan jami'ar da tubali da ƙasa, bisa zanen wani mai tsara gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, wanda ya kwaikwayi fasalin gidan Bahaushe: ɗakuna zagayayyu kewaye da fili a tsakiya. Wannan fasali yana da muhimmanci ga bayanin da zai zo a 3.4.

3.2 Yadda Aikin ke Faɗo wa Ɗalibi

Da wuya a sami ɗalibin da ya shiga fannin wasan kwaikwayo da burin zama mai kula da dandamali. Kusan kowa so yake a gan shi a gaban 'yan kallo. Don haka sau da yawa idan an gama rabon 'yan wasa, wanda bai sami fitowa ba shi ake miƙa wa wannan aiki, tamkar an ba shi haƙuri. Wannan kuskure ne babba, domin wasa zai iya jure ɗan wasa ɗaya mai rauni, amma ba zai iya jure mai kula da dandamali mai sakaci ba.

Makon farko yakan ƙara wa ɗalibin zaton cewa an mayar da shi ɗan aike. Shi ne zai riga kowa zuwa, ya karɓo makulli, ya share wurin gwaji, ya jera kujerun da za su tsaya a madadin gado ko ƙofa ko rijiya. Shi ne zai tattara sunayen 'yan wasa da inda za a same su, ya tsara jadawalin gwaji da ba zai ci karo da lacca ba, ya bar gurbin sallar magariba da ta isha'i, ya kuma tuna da ɗaliban da ke kwana a cikin gari waɗanda dole su sami mota kafin dare ya yi nisa. In gwajin ya faɗo cikin azumi, to jadawalin gaba ɗaya sai an sake shi. Akwai kuma shata dandamali: mai tsara dandamali zai ba shi zanen wurin a takarda, shi kuwa ya fitar da shi a ƙasa da alli ko zare ko tef, gwargwadon ainihin girmansa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a Ingila shi ne kashi 1 cikin 25, wato santimita 4 a takarda daidai take da mita 1 a ƙasa. In ya yi kuskuren taku biyu a wurin ƙofa, 'yan wasa za su yi makonni suna sabawa da ƙofar da ba a nan take ba, ranar da aka kafa ta gaskiya kuwa kowa ya rikice.

3.3 Kundin Wasa

Babban darasin da ɗalibi ke koya shi ne haɗa kundin wasa, wanda wasu ke kira littafin tuni. Yadda ake yinsa ba wuya: a ware shafukan wasan, a manna kowane shafi a gefe ɗaya na babban littafi, a bar shafin da ke fuskantarsa fari fat. A wannan farin shafi ne ake rubuta duk abin da marubuci bai rubuta ba, wato inda ɗan wasa zai shigo, inda zai tsaya, lokacin da zai zauna, abin da zai ɗauka, da kuma daidai kalmar da fitila za ta canja ko ganga za ta tashi. Akan sa ƙaramar lamba a kan kalmar a cikin rubutun wasa, a sa irinta a farin shafi, a rubuta motsin a gabanta.

Da fensir ake wannan rubutu, ba a yinsa da biro. Ɗalibai da yawa ba su gane dalili sai a mako na biyu, lokacin da darakta zai rushe abin da ya gina jiya. Alal misali, jiya ya ce uwargida ta shigo ta ajiye kwanon tuwo sannan ta yi magana, yau kuma ya ga ya fi kyau ta yi maganar tana riƙe da kwanon. Ɗalibin zai goge ya sake. Gobe ma ana iya komawa kan na farko. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ɓata masa aiki bai fahimci gwaji ba tukuna, don kuwa gwaji wurin canja shawara ne, kundin kuma shi ne mai riƙe da shawarar ƙarshe.

A nan ne ɗalibi ke fara ganin amfanin kansa. Wata rana gardama za ta tashi: wannan ya ce ta dama aka ce ya fita, wancan ya ce ta hagu, darakta kuwa yana da abubuwa ɗari a kansa, ba zai tuna ba. Sai duk a juyo a dubi mai kundi. In ya buɗe ya karanta abin da aka tsayar, magana ta ƙare, kuma daga ranar 'yan wasa za su fara tambayarsa kafin su tambayi darakta. In kuwa aka tarar shafin fari ne, ko ya rubuta abin da shi kansa ba ya iya karantawa, to ya zubar da abin da zai daɗe bai kwashe ba. Ka'idar da ake gwada kundi da ita ita ce, in mai shi ya kwanta rashin lafiya ranar wasa, wani zai iya ɗauka ya gudanar da wasan ba tare da ya tambaye shi komai ba.

Tuni ma yana da nasa ladabin. Bayan ranar da aka yanka wa 'yan wasa su ajiye takardunsu, mai kula da dandamali ne ke bin rubutu da yatsa yana jefa wa wanda ya manta kalmomin farko na maganarsa. Sabon ɗalibi yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai wasan ya ɗauke masa hankali ya koma ɗan kallo, a nemi tuni a tarar bai san shafin da ake ba, ko kuma ya yi gaggawa ya tuna wa ɗan wasan da ya yi shiru da gangan don shirun ya yi aiki a zukatan masu kallo. Maganin na biyun shi ne a sa alama a kundi a duk inda aka shirya yin shiru.

3.4 Dama da Hagu, Gabas da Yamma

Littattafan koyar da wannan fanni galibi an rubuta su ne da dandamalin Turai a zuci, wato wanda 'yan kallo ke zaune a gefe ɗaya suna fuskantar wasa kamar masu leƙe ta babbar taga. A irin wannan dandamali dama da hagu na ɗan wasa ne yayin da yake fuskantar 'yan kallo. Ɗalibin kuwa a gwaji yana zaune ne kusa da darakta yana fuskantar 'yan wasa, saboda haka damarsa ita ce hagunsu, kuma sai ya yi kwanaki kafin hannunsa ya daina rubuta akasin abin da ake nufi. Haka nan ana kiran bayan dandamali sama, gabansa kuma ƙasa, saboda a da ana gina dandamali da ɗan gangare zuwa wajen 'yan kallo.

To amma duk wannan ba ya aiki a fili irin na gidan wasan Zariya da aka ambata, ko a dandalin ƙauye inda mutane suka yi da'ira. In 'yan kallo sun kewaye wasa, babu gaba babu baya, babu labulen da za a ja a canja kaya a ɓoye, kuma shi mai kula da dandamali ba shi da lungun da zai laɓe sosai. A irin wannan wuri akan raba fili kamar fuskar agogo, ko a yi amfani da kusurwoyin duniya. Wannan na biyun ya fi dacewa da Bahaushe, domin tun asali da gabas da yamma da kudu da arewa yake kwatance, har a cikin ɗaki. In aka ce wa ɗan wasa ya shigo ta ƙofar gabas ya fita ta arewa, babu sauran tambayar damar wa ake nufi. Ɗalibin da ya nace sai ya bi littafi a nan, wahalar da kansa kawai zai yi.

3.5 Wasan da Ba Shi da Rubutu

Akwai wata matsalar da ta fi wannan zurfi. Wasannin Hausa da dama ba su da rubutaccen zance. Ƙungiyoyin wasa na gari sun saba a zauna a tsara labari a raba fitowa, sannan kowa ya yi magana da bakinsa. Haka ma wasannin wayar da kai da malamai da ɗaliban Zariya suka riƙa yi tun daga ƙarshen shekarun 1970 a wurare irin su Soba da Maska da Bomo da Samaru, daga matsalolin mutanen wurin ake ƙirƙiro su, ba daga littafi ba. Tambaya a nan ita ce, me mai kula da dandamali zai manna a kundinsa?

Abin da zai rubuta shi ne ƙashin bayan wasan: jerin fitowa, waɗanda ke cikin kowace fitowa, abin da dole ya faru kafin ta ƙare, da kayan da take bukata. Alamominsa kuma zai ɗaure su ne a kan aiki maimakon kalma. Ba zai iya jiran maigida ya furta wata kalma ba, tunda yau zai iya faɗinta gobe ya faɗi wata. Amma zai iya yarjejeniya da shi cewa duk surutun da zai yi, in ya ɗauki hularsa ya miƙe, fitowa ta ƙare. Wannan ya fi bin rubutu wuya, don yana bukatar ɗalibin ya san halin kowane ɗan wasa, musamman mai barkwancin da in ya ji dariyar 'yan kallo ba ya son sauka.

3.6 Kunya da Ba da Umarni

Abin da ya fi ba sabon ɗalibi wahala ba ya cikin littafi ko kaɗan. Tarbiyyar Bahaushe ta hore shi da kada ya katse na gaba da shi, kada ya ɗaga masa murya, kada ma ya kama sunansa gatsau. Ga shi kuma aikin ya ce ya rubuta sunan wanda ya makara, ya hana surutu a bayan dandamali, ya shaida wa darakta, wanda sau da yawa malaminsa ne mai ba shi maki, cewa lokacin da aka ɗiba wa wannan fitowa ya ƙare. In ɗaliba ce, nauyin ya ninku, domin akwai mazan da ba su saba karɓar umarni daga mace ba, balle wadda suka girma.

Ɗalibai kan kasu biyu a nan. Wasu kunya ta rufe musu baki, gwajin ƙarfe huɗu ya koma na biyar da rabi, a ƙarshe kuma su ne za a zarga. Wasu kuma su ɗauka muƙami ne suka samu, su shiga tsawa, cikin mako guda kowa ya juya musu baya. Hanyar da ta fi ita ce ɗalibin ya janye kansa daga cikin umarnin, ya bar jadawali da kundi su yi magana. Akwai bambanci tsakanin a ce wa babban ɗalibi ya tashi ya shiga, da a matso kusa da shi a ce, "Yaya, saura minti biyar fitowarka." Haka nan ga darakta ya isa a ce, "Malam, ƙarfe shida ta yi, ga fitowa biyu ba a taɓa ba," a bar masa hukunci. Ladabi bai zube ba, saƙo kuma ya isa. Sai dai wannan dabara ba ta ci sai in an san mai maganar da cika lokaci. Wanda shi ma yakan makara ba shi da bakin cewa saura minti biyar.

Daɗin daɗawa, kunnensa zai ji abubuwa da yawa: ƙorafin 'yan wasa a kan darakta, da ra'ayin darakta a kan wanda ba ya ƙoƙari. In ya zama mai kai-kawo da magana, ƙungiyar za ta watse a hannunsa.

3.7 Daren Wasa

Kafin daren wasa akwai gwajin fitila da sauti, inda ake tsallake zance a bi alamomi ɗaya bayan ɗaya, sannan gwajin sutura, wanda ake yi tamkar 'yan kallo na zaune. A daren kansa aikin yana farawa da kira. A gidajen wasa na Ingila kiran da ake ce wa rabin awa ana yinsa ne saura minti 35 a fara, sai na saura minti 20, da na saura 10, sannan a saura minti 5 a kira waɗanda za su buɗe wasa su tsaya a wurarensu. Ko ba a bi waɗannan alƙaluma daidai ba, hikimar tana nan, wato a gano wanda bai zo ba tun da sauran lokacin neman mafita. A daidai lokacin ne kuma ake duba teburin kayan wasa, wanda aka shimfiɗa wa takarda aka zana wa kowane abu gurbinsa da sunansa, yadda in babu wasiƙar da za a karanta a fitowa ta huɗu, gurbinta zai nuna tun kafin a fara.

Ba da alama kashi biyu ne. Da farko a faɗakar da mai fitila ko mai sauti ya shirya, sannan in lokaci ya yi a ba shi kalmar aiwatarwa. Ƙa'ida ita ce kalmar aiwatarwa ta zo a ƙarshe, kuma kada a furta ta a wani zance na daban. Wannan yana bukatar kula, domin a maganar yau da kullum aikatau ke fara zuwa a umarni. In aka ce "kunna fitila ta 12", mai fitila da ke a ɗarare zai iya kunnawa da jin kalmar farko, tun bai ji lamba ba. Gara a ce "fitila ta 12, shirya", bayan ɗan lokaci a ce "fitila ta 12, yanzu". Inda babu na'urar magana ta kunne, akan yi da ɗaga hannu da sauke shi, ko da ƙaramar tocila.

Sai kuma abin da ba a shirya ba. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar fitowa, hadari na iya tasowa in fili a buɗe yake, ɗan wasa na iya tsallake shafi biyu ya bar alamomi uku a baya. Darakta yana cikin 'yan kallo, ba a iya tambayarsa. Ɗalibin da makonni shida da suka wuce yake sharar ɗaki, shi ne zai yanke ko a ci gaba ko a dakata, kuma abin da zai taimake shi shi ne abin da ya tanada tun da rana: wa ke kusa da janareto, ina fitilun ajiya suke, wa zai fita ya ba 'yan kallo haƙuri.

Batun wuta ba abin wasa ba ne a wannan sana'a. Gidan wasa na Globe a Landan ya ƙone ƙurmus a 1613 saboda bindigar da aka harba a cikin wasa ta kama rufin ciyawa, kuma gobarar gidan wasa na Iroquois a Shikago a 1903 ta ci rayuka wajen 600. Wasan Hausa kuwa yana son aci-bal-bal da murhu da bindigar maharbi, ga zana da tabarmi da labule a ko'ina. Don haka duk inda za a kunna wuta ta gaskiya, wajibi ne mai kula da dandamali ya sa mutum takamaimai da bokitin ruwa ko yashi a kusa, ya kuma zagaya da kansa ya tabbatar ba a toshe hanyar fita da benci ba.

Bayan 'yan kallo sun watse, 'yan wasa na karɓar gaisuwa, shi yana zaune yana rubuta rahoton dare: ƙarfe nawa aka fara, minti nawa kowane kashi ya ci, wace alama ce ta makara, me ya karye. Da wannan rahoto ne darakta zai san cewa wasan da aka tsara wa awa ɗaya da rabi ya fara ƙaruwa da minti goma. In daren ƙarshe ne, akwai sauran aikin mayar da kayan aro. Yawancin kayan wasan ɗalibai aro ne, turmi daga wannan gida, babbar riga daga wancan, sirdi ko takobi daga wani dattijo da aka sha wuya kafin ya yarda. Jerin da ɗalibin ya rubuta ranar karɓa, da sunan mai kaya da halin da kayan ke ciki, shi zai bi ya mayar da kowanne hannu da hannu, sannan ya miƙa kundin wasan ga sashe don a ajiye.